Zanin Laka na Ba Nyeba

Jelika ta ɗago zanin daga cikin duro da sanda, ta riƙe shi sama ruwa yana tsiyaya. Ba ta yi ihu ba. Salati ta yi ƙasa-ƙasa, don kada a ji ta daga ɗaki.

Cekura Tarawele ya ji. Katangar da ta raba gidajen biyu ba ta kai masa kafaɗa ba, kuma tun da ya ajiye aiki a Bamako ya dawo Segu, a gindinta yake kafa kujera da safe yana dafa shayi. Ya miƙe ya leƙo.

"Lafiya, Jelika?"

"Baba, na shiga uku. Zo ka gani."

Ya zagayo ta ƙofa. Ya san zanin, na surukarta ne, Ba Nyeba Jara, tsohuwar da ke kwance a ɗakin gabas. Jiya da yamma ya gan shi a shanye kan yashi, jikinsa baƙi, adonsa layi-layi ruwan ɗorawa, kowane layi tsaf. Yanzu duka ya koma abu ɗaya, baƙi-baƙi kamar gindin tukunya. Ya tsoma hannu a ruwan duron, ya fito da shi kamar ya taɓa tawada. Ya goga yatsa a jikin duron daga ciki. Tsatsa.

"Ina randar da take jiƙa marke?"

"Ta tsage shekaranjiya. Maigidana Sinali ya kawo wannan daga gareji, ya ce ya fi girma kuma ba ya fashewa. Na wanke shi da sabulu, Baba. Wallahi na wanke."

"Na san kin wanke."

Wanki ba shi ne maganar ba. Ganyen marke yana da bauri, irin wanda ke ɗaure baki in mutum ya tauna ɗanyen goro ko bagaruwa. Lakar kogin Joliba kuwa, wato Neja, wadda ake kwasowa a bar ta ta shekara a tulu, akwai ƙarfe a jikinta. Sai an jiƙa zani a ruwan marke ya sha bauri, sannan a shafa laka inda ake son baƙi. Bauri ya kama ƙarfe, su ƙulle, su zama baƙin da ruwa da rana ba sa fitarwa. Inda laka ba ta taɓa ba, nan ne ado. A wanke, a sake jiƙawa, a sake bi da laka, har baƙin ya nuna. Jiƙo na biyu ne Jelika ta yi. Ganyen ya kwana a duron ƙarfe, baurin ya sami ƙarfensa tun kafin zani ya iso, ya rine komai har adon.

Cekura ya ci shekaru a Rasha yana nazari a kan irin wannan haɗuwar, cikin ɗaki mai sanyi, yana tafasa sassaƙen da ake aiko masa daga gida a buhu. Bai ɓata bakinsa wajen bayani ba. Ya ce ta matse zanin ta shanya a bayan madafa.

Da wani zani ne, da an sayo farin saƙi a kasuwa an sake. Wannan kuwa mijin Ba Nyeba, Molobali, ne ya saƙa. Shi ne na ƙarshe da ya sauko daga masaƙarsa kafin ya rasu, ta ninke shi fari ta ajiye a ƙasan akwati. Duk zanin da ta rina a rayuwarta ya bar gidan: amare sun ɗauka, masu jego, maharba, baƙi masu kyamara. Ko ɗaya ba ta riƙe ba. Da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, asibiti suka ce a mai da ita gida, sai ta sa aka ciro shi. A garin mahaifiyarta can Beledugu, mace in ta mutu ana sa ta a farin likkafani kamar kowa, amma da aikin hannunta ake rufe makararta. Ta faɗa a gaban kowa cewa ba za a fita da ita a ƙarƙashin bargon masallaci ba, wanda ya rufe kowane Tarawele a unguwar.

"Baba, kai za ka faɗa mata," in ji Jelika.

"Ni na jiƙa?"

"Ni da ko abinci ba na iya ci a gabanta, da wane baki zan faɗa? Sinali kuwa in ya shiga, kuka kawai zai yi mata."

Ta yi gaskiya. Jara ba ya fushi da Tarawele, Tarawele ba ya fushi da Jara. Kakanni ne suka ƙulla haka, shi ya sa duk maganar da ta yi wa mutanen gida nauyi, abokin wasa ake ɗora wa. Cekura ya goge hannu a jikin wandonsa, baƙin bai fita ba, ya nufi ɗakin gabas.

An jingina ta da matashin kai biyu, don a kwance sosai numfashi yana ƙwace mata. Ta rame daga sama, ta kumbura daga ƙasa.

"Baiwata, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jira in ga ranar da za ka yi hankali. Da alama zan daɗe." Muryar ta yi ƙasa, amma bakin yana nan. "Ka ci waken naka kafin ka shigo? Buɗe taga."

Ya buɗe. Ya ɗauko kwalbar maganin zuciyarta, ya ciro ƙwaya ɗaya, ya tallafo kanta ta haɗiye.

"Wannan abin mai ɗaci, me ke cikinsa?"

"Ganye. Na wani fure da ke fitowa a ƙasar sanyi. Kaɗan ya ƙarfafa zuciya, da yawa ya tsayar da ita."

"Ashe ganye ka tafi Rasha nema. Ai da ka tsallako katanga."

"Da na tsallako, da dafa wake kawai zan koyo."

Ta yi 'yar dariya, tari ya biyo. Ya jira ya lafa, sannan ya zauna a bakin gado.

"Na ɓata miki zani."

"Kai?"

"Randa ta tsage, na ce a jiƙa marke a duron ƙarfe. Ya rine duka. Adon ya tafi."

Ta daɗe tana dubansa.

"Ƙarya kake. Kai wawa ne, amma ba irin wannan wautar ba. Aikin Sinali ne."

"Ni ne."

"To, kai ne," in ji ta. "A kawo shi."

Jelika ta kawo, ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe shi a cikin haske, kanta a sunkuye. Tsohuwar ta duba daga sama har ƙasa. Ba ta zagi kowa ba, har Cekura, kuma wannan ne ya dame shi. Ta juya fuska ga bango.

"Ki aika masallaci su wanke bargonsu," ta ce wa Jelika.

Kunun rana ya fito yadda ya shiga. Tuwon yamma ma haka.

Washegari da safe hannun Cekura yana nan baƙi, sabulu ya kasa. Ya tsinko lemon tsami daga bishiyar tsakar gidansa zai matsa a kan ɗumamen kifi. Ruwan lemon ya gangaro ta yatsunsa, ya bar layi mai haske tun daga farce har tsintsiyar hannu.

Ya tsaya yana kallo. Abu ne da ya sani tun yana ɗalibi, har ya koyar da shi: tsamin lemo ya fi bauri son ƙarfe, in ya zo sai ya ƙwace shi, baƙin ya warware. Jiya bai tuna ba, saboda jiya ba a ɗakin gwaji yake ba. Ya zagi kansa da Rashanci, ya bar kifin wa kyanwa, ya cika aljihu da lemo.

A bayan madafa ya ɗiga a kusurwar zanin. Kafin ya gama goge wuƙarsa, wurin ya fara washewa.

Ya same ta yadda ya bar ta, fuska ga bango.

"Juyo, baiwata. Ubangidanki ya zo."

"Tafi ka mutu."

"Sai kin riga ni. Juyo ki ga abu."

Ta juyo don ta zage shi da kyau, sai ta ga lemon a hannunsa da zanin a kafaɗarsa.

"Lemo? Kusa da zanina? Shekara nawa ina korar masu shan lemo daga gindin shanyata! Ɗigo ɗaya ya isa ya yi wa zani tabo."

"Shi ya sa. Abin da yake yi bisa kuskure, shi za mu sa shi ya yi da gangan. Baƙin da ya hau adon zai sauka. Sai dai a bi kowane layi, ɗaya bayan ɗaya."

Ya nuna mata kusurwar. Ta jawo ta har kusa da hanci. Ta murza wurin da yatsa. Sannan ta ce, "Zana layi in gani."

Ya tsoma tsinke a ruwan lemon ya ja. Ruwan ya bazu ko'ina, ya zama tabo kamar kashin kaza.

"Ya yi ruwa," in ji ta. "Laka ma in ta yi ruwa gudu take. A ba shi jiki."

"Da me?"

"Ni za ka tambaya? Wa aka sa a jirgin sama?"

Ya ɗan yi tunani. "Ƙaro. A daka shi a jiƙa a ruwan lemon, zai yi kauri ya tsaya inda aka sa shi."

"To me kake jira? Jelika! Ɗauko turmi. Ki miƙo min ƙarfena."

Ɗan siririn ƙarfen da take shafa laka da shi take nufi, wanda hannunta ya cinye wa gefe ɗaya.

"Ban da ƙarfe," in ji Cekura. "Ƙarfe ne ya kawo mu nan."

Jelika ta fere tsinken gora. Aka shimfiɗa zanin a kan ƙwarya a cinyar tsohuwar, yadda ta saba. Ta kama tsinken, ta ɗora, hannun ya yi rawa, layin ya karkace. Ta sake, ya sake karkacewa. Ita da kanta ta ajiye. Cekura ya karɓa ya ja nasa, yana cije harshe.

"Wannan ba ado ba ne," in ji ta. "Sawun Tarawele ne yana neman bayan gida." Ta ɗaga ido ta dubi surukarta da ke tsaye da taɓarya. "Ke, mai lalle. Zo nan ki zauna."

Jelika ce ke yi wa amaren unguwar lalle, hannunta ba ya rawa. Amma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama kan tabarma ɗaya da Ba Nyeba ba. Ta zauna a can gefe, rabin jikinta a ƙasa.

"Matso. Ba cizo nake ba, haƙoran sun ƙare."

Da rana tsohuwar ta sha kunu rabin kwano, tana cewa gishiri bai ji ba, ko da yake ba a sa wa kunu gishiri.

Daga nan aikin ya koma ƙarƙashin rumfa. Kullum da safe Sinali yakan ɗauko mahaifiyarsa kamar jaririya, ya jingina ta da bango, ya tafi gareji. In aka ɗaga zanin tsakanin ido da rana, tsohon adon yana nan dishi-dishi, don inda laka ta hau ya fi duhu. Jelika ta bi shi da tsinke. Inda idonta ya kasa, Ba Nyeba ta faɗa da ka, ido a rufe.

"Ƙayar kifi ce nan. Ki hau, ki sauko, kada ki haɗa bakinsu. Na ƙasa wuyan fara ne, siriri. Siriri na ce, ba wuyan mijinki ba."

Cekura ne mai haɗi. Ya tace ruwan lemo da ƙyalle, ya zuba ƙaro, ya ɗaga tsinke ya ga yadda yake ɗiga. In ya yi kauri ba ya ratsa zaren, in ya yi ruwa ya gudu. Takan ce ya ƙara, yakan ce a'a, wani lokaci ita ce da gaskiya, wani lokaci shi. Bishiyarsa ta ƙare, maƙwabta suka fara aiko nasu a kwano. Gidan duka ya ɗauki ƙamshin lemo, har tuwo.

Da yamma Sinali yakan dawo ya zauna ya yi ta matsa. Hannun makaniki ba ya rasa yanka, lemon yana shiga yana cizonsa. Wata yamma ya ajiye wuƙa ya durƙusa a gabanta.

"Ba, maganar duron nan, ni ne na…"

"Rufe bakinka. Tarawele ya riga ya ɗauka. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, kada ka ƙwace masa."

"Ka ji ko," in ji Cekura. "Koma ka matsa lemo."

Adon ya riƙa dawowa falle bayan falle. Ba ruwan ɗorawa ya dawo ba, ya ɗan fi duhu, kamar ɓawon gyaɗa, kuma ƙaron da ya bushe a kai yana ƙyalli. Ba Nyeba ta ce ya fi na da kamala, wancan ya cika ihu. Ita kuwa tana raguwa. Da farko takan kai azahar a rumfar, daga baya hantsi na yi sai barci ya ɗauke ta a zaune, Jelika ta tsaya da tsinke a hannu tana jira.

Wata rana Jelika ta shiga madafa, suka rage su biyu. Bazara ta kankama, ko ganye ba ya motsi.

"Kai, ɗan Rasha. Zan kai?"

"Zanin ko damina?"

"Zanin."

"In kika rage surutu, za ki kai."

"Damina fa?"

Ya dubi ƙafafunta, ya dubi jijiyar wuyanta da ke bugawa.

"A'a."

"Madalla. Na asibiti sai murmushi yake mini yana lallashi, kamar mai sayar da kifin jiya." Ta gyara zama. "Zuba min shayin nan naka. Na ƙarshen, mai zaƙi."

"An hana ki."

"Wa ya hana?"

Ya zuba mata rabin kofi. Ta kurɓa a hankali, tana kallon kajin Jelika suna tono a gindin randa.

"Molobali bai iya saƙa ba, ka sani," in ji ta. "Dubi fallen nan, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Duk rayuwata ina ɓoye masa kuskure da laka."

"Shi kuma yana ɓoye naki da shiru."

"Allah ya tsine wa wake," in ji ta, tana dariya.

Da aka zo falle na ƙarshe, na bakin zani, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

"Ba, saura wannan kawai," in ji Jelika. "Zuwa gobe na gama."

"Ki bar wa Sinali nasa. Shi ma ya yi aiki a zanin nan, a gan shi."

Sinali ya sunkuyar da kai yana murmushi, kunya ta hana shi ɗagowa. Tsohuwar ta sa aka shimfiɗa zanin a jikinta tun daga ƙirji har ƙafa. Ta bi layukan da tafin hannu, ƙaron yana ƙaiƙayi a ƙarƙashin yatsunta. Ta daɗe a kan ƙayar kifin.

"Ya yi," in ji ta. Ta dubi Jelika. "Hannunki ba laifi."

Jelika ta tashi da sauri ta shige madafa.

Cekura ya ce a bar shi ya kwana, layukan ƙarshe su gama ci, gobe a wanke da ruwan toka a kashe tsamin, in ba haka ba lemon zai ci zaren.

"Gobe ka zo da wuri," in ji ta. "Ina so in ga Tarawele yana wanki."

Ya zo da wuri. Sinali ya fito da ita kamar kullum, bai riga ya tafi ba, yana ɗaure takalmi. Ta ce ruwan tokar da Jelika ta tace bai yi ƙarfi ba, ta ji daga warinsa. Cekura ya ce ya yi. Ta ce bai yi ba. Ya sunkuya ya taɓa ruwan da yatsa ya ji santsinsa, ya ɗago zai ba ta amsa, sai ya ga kanta ya kwanta a kafaɗa, bakin a ɗan buɗe.

Ya kama wuyan hannunta. Ya taɓa jijiyar wuya. Ya jira fiye da yadda ake bukata.

"Sinali," ya ce. "Cire takalmin."

Kafin hantsi ya yi zafi gidan ya cika. Kuka bai yi yawa ba, ta tsufa, ta ga jikoki. Liman ya aiko cewa za a yi salla kafin azahar, zafin nan ba na jira ba ne. Mata suka ja Jelika ɗakin gabas wajen wanka. Zanin yana rataye a igiya, ya ƙage kamar busasshiyar fata, ƙaro da lemo a jikinsa, ba wanda ya tuna da shi. Wani ma har ya tafi ɗauko bargon masallaci.

Cekura ya sauke shi, ya tsoma a ruwan tokar, ya juya, ya matse. Ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa, ya nufi kogi.

A bakin Joliba mata suna wanki a kan duwatsu, kwale-kwalen masu yashi suna sauke kaya. Ya naɗe wando har gwiwa ya shiga ruwa. Ƙafafunsa sirara ne, sun daɗe ba su ga rana ba. Wata mata mai goyo, Sunkura, ita ma 'yar gidan Jara, ta ajiye sabulu ta riƙe ƙugu.

"Jama'a ku zo ku gani! Likita ya koma asalinsa. In ka gama ga na mijina nan."

"Mijinki yana da abin wankewa? Riga ɗaya gare shi, yana ciki."

Matan suka fashe da dariya. Sunkura ta matso don ta ƙara, sai ta ga adon. Duk macen unguwar ta san hannun. Dariyar ta tsaya.

"Ba Nyeba?"

"Ɗazu."

Ta yi salati. Ta gyara goyonta, ta shigo ruwan, ta kama ɗaya bakin zanin.

"Ba haka ake yi ba, bawan Allah, za ka yaga shi. Sake shi ruwa ya bi ta ciki."

Suka buɗe shi a tsakaninsu, kogi ya ratsa. Ƙaron ya narke ya tafi, wani ɗan baƙi-baƙi ya bi shi ya ɓace. Suka ɗaga, suka sake nutsarwa, har ruwan ya fito fari. Suka murɗe shi, ita ta nan, shi ta can. A jiƙe duka ya yi duhu, adon da ƙyar ake ganinsa.

"Ya fita kuwa?" in ji Sunkura.

"Sai ya bushe."

"Ba lokacin shanya."

"Na sani."

Ya iso an fito da makara ƙofar gida, an yi salla, mutane suna tsaye. Bargon masallaci yana ninke a hannun ladan. Cekura ya ratsa su, wandonsa a jiƙe har cinya, ya warware zanin. Liman ya dubi Sinali, Sinali ya gyaɗa kai. Suka shimfiɗa shi su biyu, baƙin fallen ya faɗo ta gefen ƙafa.

Kowa ya tsaya yana jira, don ba a ɗaga Jara sai Tarawele ya faɗi tasa. Cekura ya dafa bakin makarar.

"To, baiwata, kin gudu kin bar min wanki. Ki je. In kin isa ki gaya musu ubangidanki yana tafe, a share wuri."

Dariya ta bi taron ƙasa-ƙasa, har daga cikin gida inda mata suke. Aka ɗaga.

Hanyar maƙabarta ta bi ta bayan kasuwar tukwane, ba inuwa ko ɗaya. Cekura ba ya iya ɗauka, kafaɗarsa ta daina wannan aikin, sai ya bi daga baya kusa. Rana tana dukan zanin kai tsaye, wani siririn tururi yana tashi daga jikinsa. Wajen masu tukwane tsakiyarsa ta fara shan iska. Layukan suka riƙa fitowa daga duhun, na sama tukuna, sannan na gefe, kowanne a inda aka sa shi. Wata mai sayar da randuna ta miƙe tsaye ta sa hannu a goshi tana kallo har suka wuce.

Gefunan ne kawai ba su bushe ba. Suna ɗiga a hankali a kafaɗar Sinali, farar rigarsa ta jiƙe har baya, bai bari kowa ya canje shi a ɗaukar makarar ba.